Kabarin Mai Rai

Piney Lick, Kentucky
14 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga Nelda,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da muryarki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. Har yanzu ina ɗakin karatu na sakandare, ina faɗa da yara a kan lanƙwasa shafi. Idan kin manta mai wannan rubutun, goggonki ce Ardith, 'yar baffan mahaifinki, wadda kika zauna a ɗakinta na baya shekara huɗu kina cinye mata littattafai da tuffa.

Babanki yana nan da ransa.

Na ware wannan a layi shi kaɗai don kada idonki ya tsallake. Ƙurar kwal ta ci huhunsa, yana tari, in zai hau tudun maƙabarta sai ya huta sau uku. Amma jiya ya ci wake kwano biyu da burodin masara a gabana, kuma ban taɓa ganin gawa ta nemi ƙarin albasa ba.

Na ji waƙarki, "Dutse Ya Riƙe Babana", a kanti, ina riƙe da gwangwanin madara. Ban motsa ba har ta ƙare. Waƙa ce mai kyau. Ba ni da rigima da waƙar. Na karanta littattafai fiye da kowa a kwarin nan, na san mawaƙi yakan ce "ni" alhali ba shi ba ne. Rigimata da bayan faifan ce, inda aka rubuta cewa Nelda Fugate marainiya ce, mahaifinta ya mutu a ramin kwal tana shekara goma sha ɗaya. Aka kuma buga hoton dutsen kabari.

Kin san dutsen nan sarai. Da mamanki Opal ta rasu, babanki ya sayi dutse mai faɗi na mutum biyu, kamar yadda kowane miji ke yi a nan. Aka sassaƙa sunanta da ranakunta biyu, aka sassaƙa nasa da ranar haihuwarsa, aka bar gurbin ɗaya ranar. Mai ɗaukar hotonku kwanciya ya yi rub da ciki har ciyawa ta rufe gurbin. Na san kwanciya ya yi, domin na je na kwanta a wurin da wannan gwiwar tawa na gani.

Yanzu duk Lahadi motoci ne daga Ohio da Michigan. Suna tsayawa a ƙofata suna tambayar hanyar kabarin baban Nelda. Wata ta zo da furanni, ta yi kuka a barandata har na ba ta ruwa.

Ba zan kira ki ta waya ba, gida takwas ne a kan layinmu kuma kowa kunnensa lafiya. Ki rubuto ki gaya mini yadda aka yi haka, da ranar da za ki gyara.

Goggonki,
Ardith Sizemore

*

Nashville, Tennessee
2 ga Mayu, 1974

Ya masoyiya,

Nelda ta yi farin ciki ƙwarai da samun wasiƙarki. Saboda yawan tafiye-tafiye ba ta iya amsa wa kowa da hannunta, amma ku masoya kuna ranta kullum. Ga hotonta mai sa hannu. Kada ki manta da sabon faifanta, yana duk kantunan da ke kusa da ke.

Daga ofishin masoyan Nelda Fugate

*

Piney Lick
28 ga Mayu, 1974

Nelda,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Hoton ya iso, na gode, yana ƙarƙashin ƙafar teburin kicin da ke rawa. Gashin da suka ɗora miki ya kai tsayin buhun masara. Wannan karon na samo adireshin gidanki daga wurin matar direban motarku, 'yar garinmu ce, ni na koya mata karatu kuma har yau tana tsorona.

Shekaran jiya Lahadi aka yi gyaran kaburbura. Dangi sun zo kamar kullum, aka nome ciyawa, aka tara sabuwar ƙasa a kan kowane kabari, aka jera furannin takarda, aka shimfiɗa abinci a kan katako ƙarƙashin itatuwa. Na kai soyayyar kaza da kek ɗin tuffa. Babanki tun da safe yana durƙushe yana goge dutsen da burushi, ɓangaren Opal da ɓangarensa.

Sai ga wasu mata da miji daga Indiana, da kyamara a wuya. Matar ta ce masa, "Dattijo, ko za ka ɗan matsa? Hoto muke so."

Ya matsa.

Mijin ya ce, "Kai ke kula da wurin ne? To ɗauke mu mana." Ya miƙa masa kyamarar, ya nuna masa inda zai danna. Babanki ya goge hannunsa a wando, ya ɗauke su hoto suna dafe da sunansa. Matar ta tambaye shi ko ya san marigayin.

Ya ce, "Na san shi."

"Wane irin mutum ne?"

Ya ce, "Yana da murya, a da."

Dangi sama da arba'in, kowa ya sunkuyar da kai cikin farantinsa, don kin san mutanenmu, gara su haɗiye cokali da su kunyata nasu a gaban baƙo. Ni kuwa na miƙe da cinyar kaza a hannu zan yi magana, ya dube ni. Na zauna. Shekarata hamsin da uku, ban taɓa zama don namiji ya dube ni ba sai ranar.

Matar ta lura da gurbin da ba kwanan wata. Kin san abin da ta ce? Wai tabbas don ba a samo gawar ba ne. Ta fashe da kuka.

Da suka tafi na ce masa, "Delmer, kai fa mutumin coci ne. Ka tsaya a kan kabarin matarka kana taya ƙarya?"

Ya ce, "Wace ƙarya na yi? Ban san shi ba ne?"

Na ce zan rubuta wa jaridar Lexington. Ya ce, "Ki ƙyale ta, Ardith." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma kan burushinsa.

Na riga na rubuta wasiƙar jaridar. Shafi uku ce, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Tana kan firij da kan sarki a manne. Na ba ki zuwa ƙarshen Yuni.

Ardith

*

Nashville
19 ga Yuni, 1974

Goggo Ardith,

Na gaishe ki da kyau. Ya gwiwa? Ni lafiya, sai gajiya, gari goma sha tara muka yi a kwana ashirin da uku. Wasiƙarki ta farko ban taɓa ganinta ba, ki yi haƙuri da hoton. Gashin ma ba nawa ba ne, a kwali yake kwana.

Na san kina so ki ji yadda aka yi. Ban zauna na shirya ba. Da waƙar ta fara tashi, wani mai gabatarwa a rediyo ya tambaye ni, kai tsaye, shekarata nawa lokacin da babana ya mutu. Na buɗe baki na ce goma sha ɗaya. Manajana, Mista Harbin, yana bayan gilashi yana ɗaga mini babban yatsa. Kafin mako ya zagayo an buga a mujalla.

Amma Goggo, ki tambayi kanki me ya sa lambar ta fito da sauri haka.

Ke kin san mutumin da ya shiga ramin nan a 1959. Shi ne yake ɗora ni a kan akwatin lemo a gidan rediyon garinmu duk Asabar da safe, ina shekara shida, Mama na kaɗa jita, shi yana bin muryata daga ƙasa. Shi ya koya mini inda ake jan numfashi. Rufin rami ya faɗo, ya kwana biyu a ƙarƙashin dutse, ya yi wa Allah alkawari. Mutumin da aka fito da shi ya shiga cocin da ba a yarda da kayan kiɗa masu tsirkiya ba. Ranar da aka yi masa baftisma a rafi ya dawo gida da jiƙaƙƙun kaya, ya ɗauki jitar Mama ya karya ta a gwiwa, ya cusa a murhu. Mama tana tsaye tana riƙe da tawul ɗin da za ta ba shi. Ba ta sake waƙa ba, ko a wurin wanki, har ta mutu bayan shekara biyu. Kina wurin. Ke kika kawo kek.

Da na zo gidanki da zama, sau nawa ya zo ya gan ni? Ranar da na hau bas ina shekara goma sha bakwai, yana gonarsa, yana hango hanya, bai ɗago ba. Shekara takwas ina ɗinka wuyan riga a masana'anta, ina yawo da waƙoƙina ofis ofis ana ce mini muryata ta cika ƙauyanci. Na rubuta masa sau shida. Ko kati.

Yanzu kin ce ya ce a ƙyale ni. Ai ba sabon abu ba ne. Shekara goma sha biyar ke nan da ya ƙyale ni. Idan shi bai damu ba, ke me ya dame ki?

Ki aika wasiƙarki in kina so. Mista Harbin ya ce mutanen da ke sayen faifaina za su yafe wa mawaƙi giya da saki da kurkuku, amma ba za su yafe wa wadda ta sa su kuka a banza ba. Watakila gaskiyarsa ne. Na iya ɗinka wuyan riga har yanzu.

'Yarki,
Nelda

*

Piney Lick
9 ga Yuli, 1974

Nelda,

Ina gaishe ki. Gwiwa da sauƙi. Tumatir ya yi kyau bana, babanki kuwa ya rame.

Na daɗe ban amsa ba saboda na yi fushi, sannan na daina, sannan na sake yi, amma da kaina. E, ina wurin. Na ga ya karya jitar, na ga fuskar Opal, na yanka kek na rarraba. Na ce wa kaina tsakanin miji da mata ne. Ni da nake iya tsayar da taron hukumar makaranta a kan waƙafi ɗaya. Shekara goma sha biyar ina jin ƙaurin fentin jitar nan duk lokacin da na hura murhu. Watakila shi ya sa nake ihu yanzu, bakina ne ya makara.

Amma ke ma ba ki iya karatu ba, kuma ni na koya miki, don haka abin ya fi mini ciwo. "Ki ƙyale ta" ba wanke hannu ba ne. Laifina ne da ban rubuta miki yadda ya faɗa ba. Bari in gaya miki abin da na gani.

Ranar Laraba na kai masa miya da rana. Ba ya cikin gida. Na same shi a tsohuwar motarsa da ba ta da taya, a bayan rumbu, gilashi a rufe cikin wannan zafin, rediyo a kunne. Ashe batirin da yake saye yana cewa na fitila ne, nan yake kawo shi. Yana jiran a sa waƙarki. Mutumin da in dattawan cocinsa suka ji, za su kira shi gaban jama'a. Na shiga na zauna a gefensa, muka sha tallan taki da na maganin ciwon kai har aka sa ki.

Da kika zo inda kika ce dutsen ya yi ruri kamar tsawa, ya girgiza kai. Ya ce, "Nan ta kuskure. Ba ya ruri. Ɗan ƙas-ƙas yake yi, kamar ana taka ƙanƙara, sai tsakuwa ta fara zubo maka a wuya." Ya yi tari mai tsawo. Sannan ya ce, "Sauran duk daidai ne."

Na ce, "Delmer, a waƙar fa ka mutu."

Ya ce, "Na ji." Can ya ce, "Kin ji inda take jan numfashi?"

Wasiƙunki shida suna cikin Littafi Mai Tsarki nasa. Na tambaye shi me ya hana shi amsawa. Ya ce ya fara, bai san abin da mutum ke rubutawa bayan "Zuwa ga Nelda" ba.

Ban aika wa jarida ba. Ba don na yarda da ke ba. Har gobe abin da kika yi ba daidai ba ne, kin ɗauki abin da ya yi miki kin hukunta shi da hukuncin da ba ya iya ɗaukaka ƙara. Amma ba ni ce zan tashe shi daga kabari ba. Ba ni na sa shi ba.

Goggonki,
Ardith

*

Nashville
20 ga Agusta, 1974

Goggo,

Gaisuwa. Na san saƙon da na bari a waya ya yi gajarta, ai gida takwas ke saurare a layinku. Baba yana nan wurina, lafiyarsa ƙalau, yanzu haka yana baranda yana kushe ciyawar maƙwabcina. Ki yi haƙuri da tashin hankalin da ya jawo miki. Ya ce da ya gaya miki, da kin biyo shi da jawabi.

Ranar Asabar muka yi wasa a bikin baje kolin Wexley, ƙarfe uku na rana, tsakanin gasar aladu da tseren taraktoci. Bayan an gama na zauna a tebur ina sa hannu. Layin ya yi tsawo, kaina a sunkuye, ban ma duban fuskoki. Aka turo mini faifai a cikin jakar takarda. Na ce, "Sunan wa zan rubuta?"

Sai na ga hannun. Tabon kwal ɗin nan shuɗi a bayan yatsa.

Yana sanye da kwat ɗinsa ta coci, ta yi masa yawa. Awa uku ya yi a bas, ya sayi tikiti, ya sayi faifan, ya bi layi a rana. Ya ce, "Ba sai kin sa suna ba, 'yan mata. Rubuta kawai, ga wani da ya yi aiki tare da babanki."

Matar da ke bayansa ta dafa ƙirji. "Allah sarki! Ka san babanta?"

Ya ce, "Na san shi."

Goggo, ƙofa ya buɗe mini. Da na rubuta, da ya karɓa ya yi godiya ya koma tasha, kuma ba zai taɓa gaya wa kowa ba, har ke. Alƙalamin yana hannuna. Mista Harbin yana tsaye a kaina da wani ɗan jarida. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Ina jin numfashinsa, kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace.

Na ce, "Baba, ka ci abinci?"

Matar ta ce, "Baba?"

Mista Harbin ya yi dariya ya ce, "Haka suke kiran kowane tsoho a can cikin duwatsu."

Na ce, "A'a. Babana ne. Delmer Fugate. Bai mutu ba." Ban yi ihu ba, amma layin ya ji tun daga gaba har baya. Wata ta ajiye faifanta a kan tebur ta juya. Wasu suka bi ta. Wani ƙato mai hular mahaƙa ya matso, na ɗauka zagina zai yi, sai ya tambayi Baba a rami na nawa ya yi aiki.

Baba kuwa haushi ya ji. Ya ce, "Ke dai ba kya jin magana, tun kina ƙarama."

A motarmu ya zauna kusa da akwatunan jita, hularsa a gwiwa, bai dube su ba. Mun wuce Somerset kafin ya yi magana. Ya ce, "Ni na yi wa Allah alkawari a ramin nan. Amma jitar ba tawa ba ce." Bai ƙara ba. Ni ma ban ce na yafe ba, don ban sani ba tukuna.

Labarin ya fito a jaridu biyu. Tashoshi uku sun daina sa waƙar, an soke mini wasa huɗu, Mista Harbin ba ya ɗaukar wayata. Ban san abin da zai rage ba. Baba ya ce kwana uku zai yi. Na ce mu gani.

'Yarki,
Nelda

*

Piney Lick
24 ga Agusta, 1974

Nelda,

Na gaishe ki, ki gaida wannan ɗan gudun hijirar. Ki gaya masa na bi rafi da sanda ina kiran sunansa har gwiwata ta kumbura, kuma jawabin yana nan yana jiransa.

Ba zan yabe ki ba. Mutum ba ya samun lambar yabo don ya ce ubansa ubansa ne. Amma na karanta wasiƙarki sau uku a tsaye, sannan na zauna.

Yanzu ga abin da ban gaya miki ba. A watan Maris na kai shi asibiti. Likita ya ɗaga hoton huhunsa a gaban fitila, ya ce in ya ga Kirsimeti to an yi sa'a. Babanki ya hana ni faɗa. Karon nan ba don ya dube ni na yi shiru ba, ra'ayina ne. Na san da na rubuta miki, da kin taho a guje, ki yi kuka a bakin gado, ki koma da sabuwar waƙa. Kin iya makoki, duk ƙasar nan ta shaida. Ni so nake ki same shi da ransa, yana gardama, ba ki san komai ba.

Idan kin ji haushina, ki ji. Ina da wurin ajiyewa.

Kada ki bar shi ya dawo, ko ya ce kwana ukunsa sun cika. Zai ce kaji, ki ce Ardith na ba su abinci. Ba ya iya kwanciya, a zaune yake barci, ki jera masa matasai uku. Ba ya son a taimake shi a matakala, ki yi kamar ke ce kika gaji, ki tsaya. Wake ki jiƙa shi tun da safe, kada ki saka sukari a burodin masara, zai ci don kunya amma zai riƙe ki da shi.

Kuma in kina waƙa a cikin gida, kada ki rufe ƙofa.

Goggonki,
Ardith